Yadda Dada Ta Sayar Mana da Tatsuniya

Ina ɗan shekara tara ƙanwata Ummi ta fara cinye gidanmu na Limawa. Malmala uku take tashi da ita, ta leƙo kwanona, amma kullum ƙara ramewa take kamar karan dawa. Ga zufa ko da sanyi, hannu na rawa, idanu sun firfito, wuya ya ɗan kumbura. Umma ta ji a rediyo cewa rashin gishiri mai aidin ke kawo maƙoƙo. Wata biyu muna shan miyar da ko saniya ta lasa sai ta nemi rijiya.

Likita ya ce ba gishiri ba ne. Sojojin jikinta ne suka ruɗe, suna zuga wata halitta a wuyanta tana aiki fiye da kima. Ya ba da ƙwaya, kullum ba fashi, in ba haka ba zuciyarta ce za ta galabaita. Ummi ta ce ɗaci, ta koma binne su a gindin zogale. Ni na tona, na kai ƙara, ina jiran a zane ta.

Ba a zane ta ba. Bayan magariba kakarmu Dada ta tara mu bakin murhu, ta kawo labarin wata mata mai 'ya'ya bakwai. Duk wanda ya wuce murhunta sai ya fifita wutar, wai taimako. Wuta ta cinye itace, ta cinye darni, ta fara lasar rumbu. Sai wata tsohuwa ta miƙo ƙoƙon ruwa, ta ce a yayyafa kaɗan kullum, kada a sheƙa, kada a fasa.

Nan Dada ta datse labarin.

"Rumbun ya ƙone?" in ji Ummi.

"Maƙogwarona ya toshe. Ba ya buɗewa sai an haɗiyi ƙwaya."

Na ce a ba ni.

"Maigida, kai cutarka ta baki ce, ba ta da magani."

Ummi ta runtse ido ta haɗiye. Shekara biyu wutar nan tana lasar rumbun nan, kowace yamma ƙwaya ɗaya, labari taki ɗaya.

A da gani nake cutar mu Dada take yi. Yanzu na gane ita ce mai ƙoƙon. Ummi ta yi kumatu, sai dai takan je gwajin jini. Bara na tambayi Dada ƙarshen labarin.

"Rumbun na nan," ta ce. "Ga shi can yana cin tuwonka."