Layin Ɗaki na Huɗu

Ermete Baldazzi mutumin Sassuolo ne, ya yi shekara arba'in a bakin wutar gasa tayil kafin ya yi ritaya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai sanƙo, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba sai in atishawa ta kama shi. Duk wanda ya yi irin aikinsa abu ɗaya yake nema a duniya, wato sanyi. Shi kuwa ba na fanka yake so ba. Lokacin da yake soja an taɓa kai su kan tsaunuka, ya rufa da bargo biyu a tsakiyar watan Agusta, ya tashi da safe yana ganin hucin bakinsa. Tun daga ranar yake cewa a ransa sai ya koma. Amma shekara talatin da huɗu ke nan, duk watan Agustan da Allah ya kawo a garin Bellaria yake iske shi, a otal ɗin Sinyora Dirce, titi na uku daga bakin teku, yana share zufa da hankici.

Amarci ne ya jawo masa. Shekarar da ya auri Nerina wani abokin aikinsa ya kwatanta masa otal ɗin: ga araha, ga ci sau uku, ga taliyar da ake murzawa da hannu. Suka zo, aka ba su ɗaki na sha tara, can sama ƙarƙashin rufi, tagarsa na kallon bututun hayaƙin kicin. Tun ƙarfe goma na safe sukan san kifin da za a ci da rana. Kwana na biyu suna dawowa daga bakin ruwa, Nerina ta ɗaga kai ta ga wata mata a baranda tana kakkaɓe tawul, iska na kaɗa mata gashi.

"Erme," ta ce, "wata rana a can za mu sauka."

"An gama," in ji shi. Ango ne, ko tauraro ta nuna masa haka zai ce.

Sai daga baya ya gane abin da ya ɗauko wa kansa. Ɗaki ashirin ne a otal ɗin, ɗaya tak ke da barandar da ake hango teku, shi ne na huɗu. Kuma ba a roƙonsa, ba a yi masa hanya. Layi ake bi, ƙa'idar da Dirce ta gada wurin uwarta. Wanda ya fi kowa daɗewa yana zuwa shi ke da ɗakin. In ya mutu ko ya daina zuwa, na bayansa ya matsa, kowa ya samu ɗan ci gaba. Wanda kuwa ya tsallake shekara ɗaya, ko da asibiti ce ta riƙe shi, ya koma ƙarshen layi, ya je ya gaisa da hayaƙin kifi. Ba a rubuce take ba, a kan Dirce take, kuma kan Dirce bai taɓa zubar da kome ba.

Haka rayuwar Ermete ta tafi hawa-hawa, sai dai saukowa yake yi. Daga na sha tara suka dawo na sha biyar, inda famfo ke tari kafin ya kawo ruwa. Daga nan na sha ɗaya, mai maƙwabtaka da injin wanki. Shekarar da ya karye a ƙafa Nerina ta kawo shi da filasta kamar akwati, aka jingine shi ƙarƙashin laima sati biyu. Shekarar da 'yarsu ta haihu ranar goma ga Agusta, suka je suka ga jariri, suka yi barka, suka dawo kafin a buga ƙararrawar abincin yamma. Yanzu suna ɗaki na bakwai, su ne na gaba. Shekara tara ke nan su ne na gaba.

Mai riƙe da ɗaki na huɗu Sinyor Olindo ne, tsohon wanzami daga Ferrara, shekararsa casa'in da ɗaya, matarsa ta daɗe da rasuwa. Siriri ne kamar sandar laima, kuma cinsa ya fi na Ermete. Duk ranar da su Ermete suka iso, kafin su sauke kaya daga mota za su ji muryarsa daga sama.

"Baldazzi! Ka zo duba gawa?"

"Haba Sinyor Olindo, gaisuwa ce. Ya jikin?"

"Ya fi naka. Likitana ne dai ya mutu a watan Maris. A keke na je jana'izarsa."

Ermete ba mugu ba ne, bai taɓa roƙon Allah ya ɗauke tsohon ba. Ya dai lura cewa in Olindo ya yi tari a teburin abinci, cokalin Nerina kan tsaya a hanya.

Kwanakin kuwa kamar tayil ɗin da ya saba gasawa, duk girmansu ɗaya. Da safe a ba ka 'yar takarda ka zaɓi na rana da na yamma, nama ko kifi, tun cikinka bai yanke shawara ba. Tsumman goge bakinka na cikin ambulan mai lambar ɗakinka, kwalbar ruwan inabin da ka rage jiya ita ma an rubuta mata lambar. Sai a kama hanyar bakin teku da silifa, a tsallaka titi uku, a zauna ƙarƙashin laimar da aka zauna bara, kusa da mutanen da aka zauna da su bara, a ji ciwon gwiwar da aka ji bara ya ƙara shekara. Ermete bai iya iyo ba. Yakan shiga ruwa iya gwiwa ya tsaya, hannu a baya, cikin sauran tsofaffi, ana tattauna abin da za a ci da rana. Ruwan ma ɗumi gare shi kamar romon jiya. Sha biyu da kwata kowa ya naɗe tawul, don Dirce ba ta jiran mutum, taliya ma ba ta jira.

Bana sai ƙanen Ermete ya kawo masa fitina. Ya samu wani ɗan gidan katako a kan tsauni, ya ce baɗi Agusta gaba ɗaya Ermete ya zo ya zauna, akwai bargo, akwai itacen hura wuta. Ermete ya riƙe maganar a ciki har kwana na tara, sannan ya fito da ita ƙarƙashin laima, yana kallon yatsun ƙafarsa.

"To layin fa?" in ji Nerina, tana fifita da mujalla.

"Nerina, mutumin nan sai ya binne mu duka. Jiya kwano biyu ya ci, ya nemi ƙari."

Ta aje mujallar a cinya. Ita ma gwiwarta ta fara gajiya da tsallaka titi uku.

"Shekarata sittin da takwas," ya ce. "Sau ɗaya nake so in ji sanyi a Agusta kafin a sa ni a inda ba a jin kome."

"Kai dai akwai ka da iya bakin tausayi. To, na ji. Amma ni ba zan buɗe baki ba. Kai ka ce an gama, kai za ka ce wa Dirce a'a, a gaban mutane, da bakinka."

A nan gizo ke saƙar, don kowa ya san yadda ake yi. Ranar ƙarshe, bayan abincin rana, Dirce kan cire rigar girki, ta ɗauki butar kofi ta bi tebur-tebur, daga na farko a layi zuwa na ƙarshe. Ta zuba maka, ta dube ka, ta ce, "Baɗi kamar bana?" Kai kuma ka ce, "Kamar bana." Shi ke nan. Matar da ta san ba ka cin albasa, ta san ranar haihuwar jikanka, ta taɓa sa maka ganye a ƙunar rana da hannunta. Ba a taɓa jin wanda ya ce mata a'a ba. Masu barin layi mutuwa suke yi, ita ce hanyar da ta fi ladabi.

Sai Ermete ya shiga koyo. Kwana huɗu yana ware kansa daga taron tsofaffi, ya matsa gefe cikin ruwa, ya fuskanci teku, ya girgiza kai. "A'a, Sinyora Dirce." Ya gyara murya. "Sinyora, baɗi kam a'a." Wani lokaci ya haɗa da hannu. Wata mata ta janye jikanta daga kusa da shi.

Ranar ta zo. An ci taliya mai miyar nama, an ci soyayyen kifi, Ermete bai ji ɗanɗanon ko ɗaya ba. Fankar silin na juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Dirce ta fito da butarta, ta nufi teburin da ke bakin taga, ta zuba wa Olindo.

"Baɗi kamar bana, Sinyor Olindo?"

Tsoho ya kurɓi kofi, ya goge baki, ya ninke tsumman a hankali ya mayar cikin ambulan.

"A'a, 'yata."

Wani cokali ya faɗi a can baya. Dirce ta tsaya da buta a hannu kamar an dasa ta.

"Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau, shi ya sa. Jikanyata na da gida a kan tsauni. An ce har bargo ake rufa a Agusta."

Ya miƙe, ya zaro makullin ɗakinsa daga aljihu, mai ƙaton ƙwallon tagulla da aka rataya masa don kada a tafi da shi bakin ruwa. Ya taka har teburin su Ermete, ya aje shi kusa da kwalbar da aka rubuta wa bakwai. Sannan ya sunkuyo kunnen Ermete.

"Shekara goma sha biyu ina son guduwa, tun da matata ta tafi," ya raɗa masa. "Amma duk na leƙo na ga fuskarka kana sauke kaya, sai in ce bari in ƙara ɗaya."

"To me ya canza, Sinyor Olindo?"

"Daga baranda na hango ka kana ce wa kifaye a'a. Na ce lalle yaron nan zai riga ni fita. In ka tafi wa zan bar wa? Tarcisio?" Ya nuna na bayansu a layi da haɓa, wani mai sayar da inshora da ke saka safa cikin silifa. "Allah ya kiyaye."

Dirce ta riga ta farfaɗo. Ta iso teburinsu, ta zuba kofi, idonta ya yi ja.

"Baɗi fa, Sinyor Ermete?"

A'ar tana nan a bakinsa, ya wanke ta ya goge ta kwana huɗu. Ya dubi Nerina. Ta cika alkawari, ba ta ce uffan ba, ba ta ma dube shi ba. Yatsa ɗaya kawai ta miƙa ta taɓa ƙwallon tagullar, a hankali, kamar mai taɓa kumatun jariri yana barci.

"Kamar bana," in ji Ermete.

"Wane irin kamar bana?" Dirce ta dafa kafaɗarsa. "Ɗaki na huɗu!"

Ɗakin cin abinci ya kaure da tafi. Tarcisio ya fi kowa tafawa, shi ma ya matsa.

Da shekara ta zagayo suka hau bene da akwatunansu, Nerina ta buɗe ƙofar barandar da hannu biyu. Barandar ta ɗauki kujera biyu in an haɗa gwiwa. Teku kuwa yana nan, ba a yi ƙarya ba: tsakanin wani otal mai hawa shida da wani mai hawa takwas akwai tsaga mai faɗin ƙofar banɗaki, a cikinta ga shuɗin ruwa, daidai wurin da Ermete ya tsaya bara yana girgiza kai. Nerina ta ɗauko tawul, busasshe, ko jiƙa shi ba a yi ba, ta kakkaɓe shi sau uku a kan titi. Ta juyo tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

Ermete ya zauna yana share wuya. Sai ya lura kujera ɗaya ta bar sawu a daɓen, kuma sawun ba teku yake kallo ba. Ya juya ta ya bi sawun. Ta can ɗaya ɓangaren, bayan rufin gidaje da eriyoyi, dutsen San Marino ne a tsaye cikin hazo, shuɗi-shuɗi, da ɗan gajimare a kansa kamar hula. Ya daɗe yana kallo. A kan tebur kuma Dirce ta aje masa katin da Olindo ya aiko, hoton kansa a cikin rigar sanyi, ya rubuta a baya cewa a gaida yaron nan, a ce masa ya riƙa shan ruwa.

Wata mota ta tsaya a ƙasa. Tarcisio ya fito da safarsa da silifansa, kafin ya buɗe but ɗin motar ya ɗaga kai sama.

"Sinyor Baldazzi! Mun same ku lafiya? Ya jikin? An ce ka yi tari a hunturu."

Ermete ya leƙa. Ya ga matar Tarcisio ta kafa wa barandar ido, ya ga wuyan mutumin ya riga ya jiƙe da zufa. Tausayi ya kama shi, ya buɗe baki zai gaya masa gaskiya, ya ce masa ya koma mota ya nufi tsauni tun da sauran ƙafa. Sai ƙararrawar Dirce ta kaɗa daga ƙasa, sha biyu da rabi.

"Ya fi naka, Tarcisio," ya ce. "Yi sauri ka sauke kaya, taliya za ta huce."