Masu Riƙon Igiya

Bazara ce, irin wadda ke shigowa da wuri. A shekarar damina ta ɗauke tun gero bai gama cika ido ba, don haka kowace mace a Isa sai ta auna hatsi sau biyu kafin ta zuba a turmi. Ba a yi yunwa ba, ba a kuma ƙoshi ba. Rijiyoyi sun ja baya, gulbi ya koma rairayi, mutane sun rage dariya. Zamanin Turawa ne, lokacin da Di'o ke zuwa rangadi. Ina da shekara tara ko goma, ba wanda ya rubuta.

Mu Katolika ba mu fi gida bakwai ba, can gefen gari. Fada, limaminmu, yakan zo daga Gusau bisa babur sau biyu ko uku a shekara. Sauran lokaci Malam Yakubu katikis, mai koya mana addini, ke ja mana addu'a a wata rumfar kara da muke kira majami'a. Jikin rumfar akwai bukkar Baba Nomau, wani tsoho makaho mai saƙar tabarma. Shi ke ajiye kayan ibada, shi ke kuma buga guntun ƙarfen da anka rataye ga reshen aduwa idan lokacin addu'a ya yi. Ba shi da mata, ba shi da ɗa. Yakan ce idanunshi sun koma ga yatsu, kuma ba su taɓa yi mashi ƙarya ba.

Akwai wata al'ada tamu. Ranar Lahadin da ake tuna shigar Yesu Urushalima, wasu wurare ganyen dabino suke riƙewa, mu kuwa kabar goriba gare mu. Fada ya sa mata albarka, kowa ya kai gida ya soke ga jinka. Idan shekara ta zagayo, gab da azumi, sai a tattaro ta a ɗaure da jan zare a ba Baba Nomau, har ranar da Malam za shi ƙona ta a shafa mana tokar a goshi.

Ni na ɗauke ta. Na kai wa Baba tuwo na tarar ya zagaya, na ga kaba mai laushi rataye daban da ta saƙarshi. Na ga jan zaren, ba za ni ce ban gani ba. Mafici nake son in saƙa saboda zafi, na ce sili biyu kawai. Na ɓata su, na koma na ƙaro. Kafin kwana uku ba abin da ya rage sai zaren. Maficin ya fito a karkace, na tura shi ƙarƙashin rumbu.

Ranar da anka zo ƙonawa anka nemi kaba anka rasa. Wata daga cikin mata ta ce, “Ai ba sai an yi bincike ba. Ya haɗa da ta saƙa. Yanzu haka wani na zaune bisa albarkarmu a kasuwar Sabon Birni yana cin goro.”

Wasu sunka yi dariya. Baba Nomau bai yi ba. Ya shafa inda kabar take, ya sake shafawa, ya ce, “To, ni ne ke nan. Ku yafe mani.”

Da kabar daji anka yi toka a shekarar. Malam Yakubu mutum ne mai tausayi, amma ya kwashe kayan ibada ya kai gidanshi, ya ce Baba ya huta, tsufa ya zo. Ƙarfen ma shi ya koma bugawa. Tun daga ranar, tuwon da nake kai wa Baba haka nake dawowa da rabinshi. Saƙa ma ya daina.

Sai na shiga horon kaina. Na bar shan fura. Da rana tsaka in lallaɓa bayan rumbu in durƙusa bisa tsakuwa in ja casbi har gwiwata ta yi jini. Ina ganin idan na wahala sosai Allah za shi shafe abin, ba sai kowa ya ji ba.

Kakata, uwar babanmu, da furfurarta ta karɓi baftisma, bayan babanmu ya dawo daga aikin dogo a Ƙaura da sabon addini. Ba ta iya dogayen addu'o'i ba, amma ba a taɓa riga ta zuwa rumfa ba. Bayan an ci tuwo an yi addu'ar yamma, takan jawo kujerarta bakin murhu, tana tona garwashi da tsinke ko da zafi ake kamar me. Ta ce tatsuniya ba ta fitowa sai ta ga wuta. 'Ya'yan maƙwabtanmu Musulmi ma sukan shigo da zarar sun ci abinci. A daren da nake magana akwai Hajo, ƙawata, wadda bakinta ba ya hutawa.

Hajo ta ce, “Kaka, wai azumi kuke? Wane irin azumi ne ana shan ruwa da rana?”

Kaka ta ce, “Namu kwana arba'in ne, ɗiyata. Ku da ke yin talatin ku riƙe ƙishirwarku. Matsa can, kin tare mani wuta.”

Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Takan ce, “Ga wata tsohuwa can tahe da sandarta.” Mu ce, “Ta iso, mun shimfiɗa mata tabarma.”

Ta ce an yi wani ƙauye mai rijiya ɗaya tak. Wata mata ta je ɗibar ruwa da sassafe, kazarta ta biyo ta. Ta juya ɗaukar tulu, kaza ta faɗa ciki. Ta duba gabas ta duba yamma, ba kowa. Sai ta mayar da murfi ta koma gida. Bayan kwana uku ruwa ya fara wari. Mutane sunka ce laifin tsohon da ya gina rijiyar ne, tun farko bai zaɓi wuri mai kyau ba, har yara na yi mashi waƙa.

Matar ta kasa barci. Sai ta yanke wa kanta hukunci: ba za ta ƙara shan ruwan rijiya ba. Kullum ta ɗauki tulu ta tafi wani tafki mai nisa, ba takalmi, cikin ƙaya da rana, tana cewa, Allah ka dai ga wahalata.

Hajo ta ce, “To ai ta biya.”

Kaka ta ce, “Ta biya wa? Ƙahwarta ta tsage, kaza tana nan cikin ruwa, gari na sha.”

Wata rana matar na dawowa da tulunta, wata tsohuwa ta tare ta ta roƙi ruwa. Ta sha ta goge baki, ta ce, “Ɗiyata, mi kinka sani game da rijiyarmu da mu ba mu sani ba?” Nan matar ta sauke tulu ta faɗi gaskiya. Anka tara gari. Ta zaci duka za ta sha, sai ta ga an kawo igiya ana ɗaura mata a ƙugu. Mai gari ya ce ita za ta shiga, tun da ita ta san abin da ke ciki. Ta leƙa ta ga duhu, ta ce tsoro take ji. Ya ce, “Shiga taki ce, riƙo namu ne.” Maza da mata sunka jeru sunka kama igiya, tsohon da anka zarga shi ne a gaba. Ta sauka ta fito da mushen, sannan anka kwana biyu ana yasar rijiya har ruwa ya dawo garau.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, “Kaka, da sun saki igiyar fa?”

Ta ce, “Su saki su sha mi?”

Ba ta rufe tatsuniyar ba a ranar. Ta sallami yara, ta ce in tsaya in taya ta rufe wuta. Tana tura toka bisa garwashi, ba ta dube ni ba, ta ce, “Talatu, tsakuwar bayan rumbu ta gaji da gwiwarki. Ban san kazar da ta hwaɗa maki ba, ba ni kuwa tambaya. Amma duk inda za ki da sahe, ina bayanki.”

Ga shi yanzu na haifi 'ya'ya shida, na yi jikoki. Sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci na iya karanta littafin addu'a da kaina. Ranar da na karanta addu'ar furta laifi a hankali, harafi bayan harafi, na lura ba ga Allah kaɗai mutum ke furtawa ba, har da 'yan'uwa da ke tsaye kusa da shi, sannan ya roƙe su su yi mashi addu'a. Shekaru nawa ina faɗinta da ka ban ji wannan ba.

Na daɗe ina ganin durƙuso bisa tsakuwa shi ne abu mai wuya. Ashe shi ne mai sauƙi, don jiki kawai yake ci, sunan mutum yana nan da kyaunshi. Na durƙusa gaban Fada ina furta laifi sau da yawa a rayuwata, kuma na ga horon da ake ba mutum bai taɓa kai nauyin buɗe baki ba. Na kuma gane riƙon igiya ma ibada ce, wataƙila ta fi shiga wuya. Sau nawa wata ta zo cikin zumuntar matan majami'a ta faɗi abin da ke cin ta, mu yi mata addu'a, amma kafin a kai ƙofar gida labarin ya riga mu fita? Ni ma na taɓa sakin igiyar. Ina roƙon gafarar wannan har yanzu.

Washegarin daren tatsuniyar, tun kafin Malam ya buga ƙarfe, na zaro maficin daga ƙarƙashin rumbu. Kaka ta yafa mayafi ta biyo ni. Mun tarar da Baba Nomau zaune ƙofar bukka, hannuwanshi bisa gwiwa.

Ya ce, “Wa ke nan? Takun Talatu ne, amma yau ba ƙamshin tuwo.”

Na durƙusa na sa mashi maficin a hannu. Na ce, “Baba, kabar albarka ce. Ni na ɗauka. Ba kai ne ba.”

Ya bi saƙar da yatsu tun daga gindi har baki. Sannan ya ajiye maficin, ya shafa hannunshi na dama da na hagu, kamar mai gaida wanda ya dawo daga tafiya.

Ya ce, “Ashe yatsuna ba su ruɗe ni ba. Mako biyu ina roƙon Allah gafarar abin da ban iya tunawa.”

Na fara kuka. Ya ce, “Bari kukan sai mun dawo. Wagga saƙa taki ma laifi ce ta daban, za ni gyara maki hannu. Malam ya ji?”

Na ce bai ji ba.

Ya laluba ya ɗauko sandarshi, ya miƙo mani bakinta. “To kama. Ke za ki faɗi, mu za mu tsaya.”

Na kama sandar na shige gaba, Baba na biye, Kaka na bayanshi, munka nufi gidan Malam Yakubu.