Awartaki da Igiyar Kai

Ranar da na fara ganinsa bakinsa cike yake da jini. Wani sa ne ya ɗaga kai ya buga masa ƙaho a haɓa. Ya tofar da haƙori ɗaya a kwata, ya sake cafke igiyar, ya ja har sai da hancin san ya daki siminti. Sannan ya waiwayo ya dube ni. Ni kuwa sabon zuwa ne a mayanka, wuƙar fiɗa a hannuna.

Ya ce, “Kai Dogo, kallo ka zo ko aiki?”

Daga ranar sunan ya bi ni, ni kuma na bi shi. Tare muka yi samartaka, shi ya raka ni neman aure, ’ya’yansa mata uku Baba Dogo suke ce mini. Shi kuwa duk mayanka Awartaki ake kiransa, don abin da hannunsa ya kama ya kamu ke nan.

A wurinmu kowa da aikinsa. Ni fiɗa nake yi, sai dabba ta mutu nake taɓa ta. Shi mai igiyar kai ne. A tsakiyar daɓen akwai zoben ƙarfe da aka kafe cikin siminti. Ana ɗaure sa a ƙaho, a zira igiyar ta cikin zoben, mai igiyar kai ya koma baya ya dinga ja har kan san ya sunkuya ya manne da ƙasa. Sai masu ƙafa su fizge ƙafafun baya, ya faɗi rim, mai yanka ya matso. Aikin yana da doka ɗaya da ake koya wa mutum tun kafin ya san inda ake ajiye bokiti: igiya a tafin hannu ake riƙe ta, ba a naɗa ta a hannu. In sa ya fi ƙarfinka ka saki, a sake kamo shi. Wanda ya naɗa kuwa ba shi da saki, san zai ja shi har bakin zobe.

Ba wanda ya kai Awartaki tsare wannan doka. Na ga ranar da ya kama wani ƙato, ɗan’uwan maigidanmu ne ma, ya naɗa igiya a hannu yana wasa. Ya tafi ya ɗauke shi da mari, mutumin ya zube cikin tumbi da jini. Ya taka masa ƙirji ya ce, “Gara ni in fasa maka baki da sa ya fasa maka ciki. Tashi ka gode mini.”

A gida kuma sai ka rantse wani mutum ne. Matarsa ɗinki take yi, idonta ba ya ganin kafar allura sosai. Shi ke zira mata zare. Wannan hannun da ke durƙusar da bijimi, sai ka gan shi ya kama allura kamar zai yi mata rarrashi, ya lashi bakin zaren, ya zira tashi ɗaya. Yakan miƙa mata ya ce, “Ungo, makauniya.” Ita kuma ta ce, “Na gode, mai giɓi.”

Bai kai hamsin ba abin ya fara. Ni na fara lura. Da safe in mun iso, kafin a shigo da shanu, sai ya zagaya wurin tukunyar da ake tafasa ruwan gyaran ƙafafu, ya ɗiba a bokiti ya tsoma hannuwansa ya tsaya. Na ce, “Yaya dai, amarya, lalle ake cirewa?” Ya ce sanyi ne. Amma na ga yatsun. Gaɓoɓin sun kumbura sun yi ƙulu-ƙulu, na tsakiya ya fara karkacewa. Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya murza, ya latsa, ya ce amosanin gaɓɓai ne, ya kama hannu, yana kan hanyar gwiwa. Ya ce ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi da magani da hutu, a bar aikin ƙarfi.

Da muka fito Awartaki ya yi ta tafiya, ina biye da shi. Can sai ya ce, “Dogo, ka tuna babana?”

Na tuna. Tsohon ya ƙare rayuwarsa a kan tabarma, hannuwansa a ƙanƙame kamar ƙafar kaza, sai an ba shi abinci a baki, sai an ɗaure masa tazuge.

Ya ce, “Shi sai da ya tsufa. Ni ko auta ban aurar ba.”

A bayan mayanka, kusa da famfo, akwai wani dogon benci. Nan ake zaunar da waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, su dinga wanke hanji da tumbi. Awartaki ya daɗe yana tsokanarsu. In zai wuce sai ya ce, “Tsofaffi, yau wa ke kan layi?” Su ce, “Wuce dai, ɗan nema, muna ɗumama maka wuri.” A yi dariya. Bayan zuwanmu asibiti ya daina bi ta nan. Yakan zagaya ta wajen turken shanu, ya taka kashi har idon sawu, don kada ya ga bencin.

Ciwon ya shiga gidansa ma. Wata safiya matarsa ta aiko a kira ni. Na tarar da tsakar ɗaki duk fasassun kofuna, shayi ya malale har ƙarƙashin keken ɗinki, ƙofar katako ta tsage. Ta ce kofi ne ya suɓuce masa, auta ta sunkuya za ta ɗauka ta ce, “Baba, bari in riƙe maka.” Shi ke nan. Ya kwashe sauran kofunan da bayan hannu ya watsa a bango, ya juya ya dinga naushin ƙofa yana zagin hannunsa kamar wani mutum ne daban, yana cewa, “Kama mana, ɗan banza! Kama!” Bai taɓa kowa ba, bai taɓa dukan mace ba a rayuwarsa. Amma yaran sun ɓuya a bayan gida suna kuka.

Ta rage murya ta ce, “Malam Dogo, duk rigunansa na cire maɓallan na mayar da su na zirawa ta kai. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Allura kuwa yanzu a ɓoye nake kai wa maƙwabciya.”

Na same shi zaune a bakin gado, hannun ya kumbura kamar an hura. Na zauna kusa da shi. Ya jingina kansa a kafaɗata, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da aka binne uwarsa. Na riƙe shi. Abin da na iya ke nan.

Ba a daɗe ba igiya ta suɓuce masa a wurin aiki. San ya ɓalle, ya bi ta kan teburin masu sara, ya make ɗaya daga cikin masu ƙafa da bango har hannunsa ya karye, ƙashin ya huda fata. Da aka lafa maigida ya kira Awartaki gaban kowa ya ce, “Ka yi mini aiki shekara da shekaru, ba zan kore ka ba. Amma in ta sake kuɓuce maka, benci.”

Ba ta sake kuɓucewa ba. Sa bayan sa, duk sai ya kai su ƙasa. Mutane suka ce Awartaki ya dawo. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don da safe ina ganin yadda yake kokawa da murfin robar magani har sai ya sa haƙori. Kuma ya koma sa riga mai dogon hannu, ana zafi kamar a mutu.

A ɗakin fatu na ritsa shi, inda muke barbaɗa wa fata gishiri. Na kama hannun rigar na ja sama. Wuyan hannunsa ya yi baƙi kewaye, fatar ta saɓule, wani wurin ɗanye, wani ya yi ɓawo. Sawun igiya ne, zagaye kan zagaye. Yana naɗawa ne a ƙarƙashin hannun riga, ya ɗora yatsun a sama don a ga kamar riƙo yake.

Na ce, “Kai? Kai da ka fasa wa mutum baki a kan wannan?”

Ya ce, “Sakar mini riga.”

Na ce, “Wallahi sai na gaya wa maigida.”

Ban ga tahowarsa ba. Ya sa goshi ya daki hancina, na ji ƙas, jini ya ɓalle. Na faɗi kan fatu, gishiri ya shiga idona. Na tashi na rungumo ƙugunsa muka zube tare, muna birgima cikin ruwan fata, ina dukan haƙarƙarinsa yana dukan bayana da gwiwar hannu. Ya hau kaina, ya kai hannu zai shaƙe wuyan rigata. Yatsun suka sauka a kan rigar, suka ƙi rufuwa. Ya sake gwadawa. Suna nan a buɗe a ƙirjina. Muka tsaya mu biyu muna kallonsu.

Ya ce a hankali, “Ka gani? Da me kake so in riƙe?”

Na ce, “Ka zauna a bencin, ɗan’uwana. Ni ma zan zo in same ka.”

Ya tashi ya tofar da yawu ya ce, “In ka faɗa, ba ni ba kai.”

Na faɗa. Da hancina a kumbure na je na sami maigida na gaya masa komai. Ya dafe kai ya ce zai sauke shi, amma shanu sun taru, wanda ya karye bai dawo ba, a bari a sami wanda zai karɓi igiyar. Ya dai kira shi ya ja masa kunne. Awartaki ya rantse ya daina. Daga nan ko gaisuwata ba ya amsawa.

Bijimin da ya zo da ajalinsa wani ja ne mai faɗin ƙirji, ƙaho ɗaya a karye, ɗayan tsini kamar an fere. Tun a mota ya fasa katako. Ina tsugune ina fiɗa a gefe na ga an zira igiya a zobe, na ga Awartaki ya juya wa mutane baya ɗan lokaci kaɗan. Na san abin da yake yi. Na miƙe ina kiran sunansa.

Ya ja, san ya sunkuya. Ya ƙara ja. Sai bijimin ya kafe ƙafafu ya yi baya da dukkan ƙarfinsa. Da a tafin hannu igiyar take da ta zare ta tafi, a bi sa a kamo. Sai ta fizge Awartaki ya kifa da fuska, ta ja shi a kan siminti cikin jini da ruwa har hannunsa ya cusa cikin zoben. Ƙarar karyewar ƙashin har yau tana kunnena. Masu ƙafa suka watse. Bijimin ya ji igiya ta tsaya, ya dubi abin da ke kwance gabansa, ya sunkuyar da kai ya taho.

Sau nawa ya soke shi ban sani ba. Na dai ga ya ɗaga shi sama, hannun na maƙale a zobe ya dawo da shi ƙasa. Na isa da wuƙar fiɗa na sari igiyar, kofato ya same ni a cinya, na sake sara ta tsinke. San ya yi waje da guntun igiya, mutane suka bi shi da sanduna da ihu. Na cire rigata na danna a cikin Awartaki. Tana jiƙewa ina ji da hannuna.

A asibiti an yi masa aiki, aka ce mu yi ta addu’a. Washegari da hantsi ya farka. Matarsa na gefe tana shafa masa goshi. Ya juya ido ya gan ni, ya dubi hancina da bai gama sacewa ba.

Ya ce, “Dogo, wa ya yi maka wannan kwalliya?”

Na ce, “Wani ɗan iska ne mai giɓi.”

Ya so ya yi dariya, ciwo ya hana. Ya daɗe yana kallon hannun da aka naɗe da bandeji har kafaɗa. Sannan ya ce, “Bencin nan… gefen famfo rana tana bugawa da safe, ko?”

Na ce tana bugawa.

Ya ce, “Likitan nan ya ce ɗumi yana taimaka wa gaɓɓai. Ka ce wa tsofaffin su matsa mini nan.”

Na ce zan faɗa. Na kama hannunsa na hagu, na dinga miƙe masa yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda ruwan zafi yake yi masa. Bai kai la’asar ba.

Allah ya jiƙanka, Awartaki, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Saƙonka na isar. Babban tsofaffin ya share ido da bayan hannu, suka matsa. Amma mayanka ba ta barin wuri a banza. Kwanan baya na zagaya da safe na tarar wani ya ɗora bokitin hanji a daidai gefen famfo, rana na haska shi. Ban san lokacin da na sa ƙafa na shure shi ba, hanjin ya watse har kwata. Mai bokitin ya taso zai yi faɗa, ya dubi fuskata, ya koma ya tsuguna yana tsincewa.

Na zauna a wurin har rana ta bar shi.