Hancin Gwaggo Mai Wankin Kwalabe

Shekara ashirin da shida Gwaggo ta yi tana wanke kwalabe a ɗakin bincikenmu, kuma duk wanda ya ce ya taɓa ganin ta fasa ko guda ɗaya kafin ranar da zan ba ku labari, ƙarya yake yi. Da shara ta fara, bayan rasuwar mijinta, ga 'ya'ya biyu a gabanta. Da tsohon mai wankin ya yi ritaya aka ce ta riƙe wurin na wata ɗaya. Har yau watan bai ƙare ba.

Ba ta iya karanta rubutun jikin kwalba, da hanci take aiki. In an tara mata tire, sai ta ɗaga kwalba nesa da fuska, ta kaɗo iskar da tafin hannu. Mai wari ko mai maiƙo, ta kai ta kabad mai zuƙe hayaƙi, ta sa safar hannu biyu. Wadda ba ta da wari, ruwan cikinta garau, ta kai ta famfo ta wanke da hannunta tsirara, don a cewarta safa santsi gare ta.

Akwai doka, ba wai babu ba. Duk kwalbar guba sai an naɗa mata jan salatif a wuya. Amma wa yake yi? Mun sangarce. Farfesa da kansa yakan ce, "Ku bar wa Gwaggo, hancinta ya fi injinan nan namu." Mu yi dariya, ita ma ta yi, ta ce, "Sai ku ba ni digirin mana, rowa ce ta hana ku."

Ni ɗaliba ce a lokacin, ina aiki a kan wani sinadari da ake samu daga sitaci. Sunansa saikulodestirin, Gwaggo ta ce harshenta ba zai karye a banza ba, ta sa masa zoben sukari. Ta yi daidai kuwa, ƙwayarsa kamar zobe take, da rami a tsakiya. In ya haɗu da wani sinadarin da ya yi masa daidai, sai ya shigar da shi ramin ya rufe. A littafi ana ce musu mai masauki da baƙo. Baƙon da ba ya narkewa a ruwa sai ya narke, mai wari warinsa ya kwanta. Nawa baƙon wani haɗi ne na zaiba, ruwan ƙarfen nan na cikin ma'aunin zafi, mugun abu, ta fata ma yana shiga jiki.

Na taɓa yi mata bayanin zoben tana goge burushi. Ta ce, "To Allah ya sa baƙon kirki ne, 'yar nan." Na yi dariya na wuce. Wallahi ko sau ɗaya ban haɗa maganar da famfonta ba. Wata bakwai ina ajiye mata kwalabena a tire, babu wari, babu salatif.

Abin ya fara da ƙananan abubuwa. Ta ce yatsunta suna mata kamar tafiyar kiyashi. Muka ce sanyin ruwa ne. Ta fara cewa a maimaita mata magana. Muka ce tsufa ne, har muna tsokanarta. Wata ranar Talata da hantsi, ina auna gari a sikeli, na ji tartsatsin gilashi a bayana. Duk muka waiwaya.

Gwaggo na tsaye tana kallon hannunta, ba ta ko kalli fasasshiyar kwalbar ba.

"Ban sake ta ba," in ji ta. "Ban ji ta a hannuna ba ne."

Na matsa don in taya ta kwashewa, sai idona ya faɗa kan tiren. Lambobin da ke jikin kwalaben rubutuna ne.

"Gwaggo, waɗannan a ina kike wanke su?"

"A famfo mana. Ai ruwa ne zalla, na shinshina."

"Kullum?"

"Kullum. Lafiya dai?"

Da gudu na je ofishin Farfesa na faɗa masa. Ya cire tabarau, sannan tambayar farko da ta fito bakinsa ita ce wa ya sani bayan ni. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Amma ina ni ina jin haushin wani? Salatif ɗin a aljihun teburina yake, sabo fil, ban ko ɓare shi ba.

Ni na kai ta asibiti. A mota na faɗa mata gaskiya duka, ina kuka. Ta ce, "Share hawayenki, kada direba ya ɗauka dukanki na yi."

Aka ɗebi jini, aka yanki gashinta kaɗan. Likitar ta tambaye ni wata nawa, na ce bakwai. Ta rubuta, ta ja layi a ƙarƙashi. Na tambaye ta ko akwai magani. Ta ce akwai wanda zai taimaka a fitar da abin da ya rage a jini, amma wanda ya riga ya taɓa jijiya, sai dai mu jira mu gani.

Sannan ta nuna layin da ke tsakanin tayil, daga tebur zuwa ƙofa.

"Mama, ki bi mini wannan a hankali, ƙafa gaban ƙafa."

Gwaggo ta cire takalmi ta jera su a gefe. Ta gyara mayafi, ta ɗora ƙafar dama. A taku na uku ta kauce, na huɗu ya kai ta jikin bango. Ta dafa shi, ta juyo, ta neme ni da ido har sai da na yi motsi ta gane inda nake.

"'Yar nan," ta ce a hankali, "zo ki riƙe ni in sake. Kada ta rubuta wannan."