Goron Bara a Kwatar Treichville

A kwatar Treichville, muna jiran jirgin ruwa, wani dattijo yana zaune da kwandon goro a cinya. Rigarsa fara tas, takalminsa ko ɗigon laka babu. Yana ta raba wa mutane goro, har ya iso kaina.

"Jiya muka tsinko a gonar kakanmu," in ji shi. "Duk shekara haka muke yi. Malam, kwaso iyalinka kaf ranar Lahadi mu je. Ina ne gidanka a unguwar Adjamé?"

Na ɓara nawa, na tauna. Daushe ne, ya shekara a huhu. Ban faɗa masa gidan ba. Itacen da ke haifar goron bara, ba zan kulle ƙofata in je kallonsa ba.