Awa Biyar Daga Jidda Zuwa Kano

Na daɗe ina rubuta wannan ina gogewa, don ina tsoron ɗaukar alhakin ɗan'uwana. Yau dai na daure.

Shekarun baya mahaifinmu ya kwanta ciwo a gidanmu na Gumel. Yayana, wanda shi ne babba, yana tuƙa mota a gidan wani Balarabe a Jidda. Ni kuwa kowa ya san halina, ko akuya ce ta yi tari sai in kasa cin tuwo. Shi ya sa da na kira shi na ce ya taho, dariya ya yi.

"Sarkin fargaba, ka fara ko? Ai daga filin jirgin Jidda zuwa na Kano awa biyar ce. Kafin motar garin Sule Tankarkar ta cika a tasha na sauka. In jikin ya yi tsanani, kira ɗaya za ka yi."

Hankalina bai kwanta ba. Na je wurin abokina mai shagon cajin waya, ya duba ya ce haka ne. Har taswira na nema a firamaren unguwarmu, na auna tsakanin garuruwan biyu da tsinken tsintsiya, kamar ni zan tuƙa jirgin. Na ƙara hanyar Kano zuwa Gumel. Lissafi ya nuna in na kira da asuba, da mu zai yi la'asar.

Na faɗa wa Baba. Shi mutum ne da ya yi ƙuruciyarsa yana koro shanu a ƙafa zuwa kasuwar Maigatari, da zango yake auna tafiya.

"Zango nawa ne?" ya tambaye ni.

"Babu zango, Baba. Ta sama ake bi."

"To madalla. Yayanka nake so ya sa ni a kabari."

Ranar da numfashinsa ya canza, ina idar da sallar asuba na kira.

"Yaya, yau ce fa. Ka taho."

Ya ce fasfonsa yana hannun maigidansa, maigidan kuma ya yi tafiya. Sai an ba shi izinin fita. Jirgin ma ba kullum yake tashi ba.

"Awa biyar ɗin fa, Yaya?"

"Wannan in an riga an shiga jirgi ne."

Duk wanda ya yi sallama a zaure sai Baba ya juyo da kai. Kafin azahar ya cika. Bayan la'asar, daidai lokacin da tsinkena ya ce yayana zai iso, ni da baffanmu muka sa shi a makwancinsa.

Sai bayan sadakar bakwai yayana ya zo, da dabino da turare, ana ta yi masa sannu da hanya. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ashe da gaske kake."

Har yau muna gaisawa, amma in na ji ƙarar jirgi ba na ɗaga kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni na kai wa Baba wannan lissafi da bakina, ya riƙe shi har ya rufe ido.

Don Allah waɗanda suka yi aiki a can, ku gaya mini gaskiya. Mutumin da fasfonsa ke hannun maigida, ya san tun farko cewa ba zai iya tasowa a yini ɗaya ba, ko shi ma sai ranar ya sani? Ina so in san abin da zan yafe.