Magaryar Inna

A gidanmu na Kalgo akwai wata magarya da babu irinta a duk garin. 'Ya'yanta sun kusa kai ƙwan kurciya, ga nama, ga zaƙi. Inna ce ta tsince ta tana tsiro a bakin fadama shekarar da aka kawo ta gidan tana amarya, ta dasa kusa da madafa. Shekarar babbar yunwa, lokacin Nasara bai daɗe da zuwa ba, tuwon 'ya'yan magaryar nan ne ya riƙe mu har gero ya nuna. Inna kuwa ko ɗanta ba ta yarda ya jefe ta da dutse.

Da aka kai ni aure Gwandu, na tafi da ƙwallayenta a ƙulle a bakin zane. Na shuka bayan ɗakina, na yi ta ban ruwa, ina cika wa matan gidan baki cewa za su ga magarya. Shekara biyar ina jira. Da ta tashi haihuwa sai ga 'yan ƙanana masu tsami, irin waɗanda awaki ke tsinta a daji, ƙaya kuwa kamar ta yi magana. Matan gidan suka samu abin dariya. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba, na ɗauko gatari.

Ƙanen kakan mijina ne ya tare ni. Tsoho ne siriri, ya yi shekara goma sha a hanyar Makka da ƙafa, kuma a lokacin alhazan unguwarmu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Wasan jika muke yi da shi, don haka ban ji nauyin murguɗa masa baki ba.

"Amarya, mi iccen ga ya yi miki?"

"Ya ci amanata, Alhaji."

"Bai ci ba. Ƙwallo ba shi ɗaukar hali, reshe ka ɗauka. Bar mini shi, saiwa tai na da ƙarhi."

Ya ce a hanyarsa ya zauna shekara uku yana aikin lambu a bakin wani babban kogi a gabas, can ya ga ana yanko reshen itace mai daɗi a aura shi kan na daji. Na ce lallai zafin hanya ya taɓa masa kai. Ya yi dariya ya karɓe gatarin.

Da na bar maganar nan ta mutu, ba don saƙon da ya zo daga Kalgo ba. Aka ce gara ta cinye cikin magaryar Inna, gefe guda ya bushe, kuma da wuya ta ga bayan damina. Rannan ko tuwo ban iya ci ba. Na je na tsuguna gaban Alhaji, babu wasa a bakina. Ya ce in yanko rassa masu kaurin alƙalami, na bara, masu idanun toho, in tsige ganyen, in naɗe a jiƙaƙƙen tsumma in sa cikin gora. Kada su ga rana.

Na nemi izinin ganin gida, ina da ƙaramin ciki. Inna ce da kanta ta nuna mini rassan da zan yanka, tana cewa hauka ce amma in gwada. Da za mu dawo, kwana biyu muka yi a kan jaki ni da wana da zafin bazara. Duk rijiyar da muka tarar sai na jiƙa tsumman kafin in sha. A Kambaza har faɗa na yi da wana don ya rataye goran a gefen da rana ke duka.

Alhaji ya wasa askarsa. Magaryata rassa uku ta yi tun daga ƙasa, ya datse su duka, biyu daidai ƙugu, ɗaya ƙasa-ƙasa bayan tsohuwar randa. Ya tsaga kan kowanne, ya feƙe na Kalgo kamar zai yi rubutu, ya cusa, yana lallaɓawa har ɓawo ya haɗu da ɓawo. Ya ɗaure da rama, ya shafe da laka, ya naɗe da tsumma. Ya ce sauran na Allah ne.

Abu ɗaya muka manta, ba mu gaya wa uwar mijina ba. Ta je biki Malisa, sai bayan kwana huɗu ta dawo. Ta zagaya bayan ɗakina da hantsi ta ga itace an datse, an ɗaure masa tsummoki, an shafe da laka, ga kuma mai ciki a ɗakin. A ƙasarmu kowa ya san abin da tsumma a jikin itace ke nufi. Na fito daga madafa na tarar tana karanta falaƙi da nasi, ta fizge biyu ta jefa a murhu.

"Ɗiyata, kar ki ji tsoro. Duk wanda yay yi miki wanga sammu, kansa za shi koma."

Fushi ya taso mini, amma suruka ce, kuma don ni ta yi. Na haɗiye, na ce na gode. Alhaji ne ya sha ruwan masifar, na same shi a zaure na zazzage masa tas, har da cewa shekara goma sha a hanya ba su koya masa magana ba. Ya bari na gama, sannan ya tambaye ni ko ta ga na bayan randa. Ba ta gani ba.

Da aka yi mata bayani, kunya ta hana ta haɗa ido da ni kwana biyu. A rana ta uku na ga ta jawo ƙaya ta kewaye kututturen, kuma daga ranar duk akuyar da ta doshi wurin sai ta ɗanɗana muciya. Bayan sati uku wani ido a jikin reshen Inna ya fashe da toho, ɗan kore kamar ƙwayar gero. Tohon daji ya yi ta fitowa daga ƙasa, kore shar, ya fi na Innan kyau nesa ba kusa ba, kullum Alhaji na bi yana murje shi da ɗan yatsa.

Magaryar Kalgo ta faɗi da iskar farkon damina. Alhaji ma bai ga 'ya'yan magaryar tamu ba, ya rasu da kaka. Har yau in na ɗaga hannu, bayan iyayena shi nake fara ambata, sai surukata.

Bayan rasuwar babanmu na ɗauko Inna ta dawo wurina, idonta ya riga ya tafi. Ban taɓa gaya mata reshen ya kama ba, tsoro nake ya sake ba ni kunya. Da sanyin shekara ta biyu ya yi 'ya'ya, ba su fi cikin tafi ba. Na jira suka yi ja, na sa mata ɗaya a hannu. Ta murza, ta kai baki, ta daɗe tana taunawa. Sai ta juyo wajen ƙofa.

"Wa yaz zo daga Kalgo?"

Na ce babu kowa, Inna, bayan ɗaki na tsinko. Ta ce in kai ta. Ta shafa jikin itacen har yatsunta suka tsaya kan kumburin da aka haɗa, ta yi ta kuka, ni ma ina yi.

Ta ƙara shekara huɗu tare da mu. Ranar da ta cika, masu wanka suka ce a aika daji a samo ganyen magarya. Na ce kada kowa ya je ko'ina, na zagaya bayan ɗaki na tsinko mata nata.